Kafin Katin Hoto Ya Ranƙwafa

Ƙannena maza da mata, waɗanda suka haɗa kwamfutar tebur da hannunsu da waɗanda ke tara kuɗi domin su haɗa, akwai abin da nake so ku duba tun yau. Ku durƙusa a gefen akwatin kwamfutar, ku daidaita idonku da katin hoto, ku bi gefensa da kallo tun daga bayan akwati, inda wayar sikirin take shiga, har zuwa ƙarshensa na gaba. Idan layin ya tafi a miƙe, madalla. Idan kuwa ƙarshen ya yi ƙasa, ko da milimita uku ko huɗu ne, to katin ya fara ranƙwafawa, kuma a kan wannan zan yi muku magana.

Na san abin da katin nan yake a wurin da yawa daga cikinku. Wani da shi yake tace bidiyon biki da na suna, wani aikin fim yake karɓa daga masu shirya finafinan Hausa, wata zanen gini take yi da Revit ko Blender, wasu sun fara gwada ƙananan manhajojin ƙirƙirarriyar basira a gida, wasu kuma wasa suke yi, wanda shi ma ba laifi ba ne idan bai cinye lokacin salla da na karatu ba. A kusan duk waɗannan kwamfutoci katin hoto ne ya fi kowane sashe tsada. Kuma ko a Farm Centre ta Kano aka saye shi, ko a Banex ta Abuja, ko a Computer Village ta Ikeja, ko wani ɗan'uwa ne ya aiko daga waje, yawancinku ba ku da takardar garanti da za ta yi muku amfani ranar da ya lalace. Wanda ke zaune a Jamus zai iya mayar wa kamfani a canza masa. Kai da ke Gusau ko Maraɗi, in ya mutu, sai dai ka koma tari daga farko. Shi ya sa abin da wasu ke ɗauka maganar kyan gani ce kawai, a wurinmu maganar jari ce.

Ku fara sanin yadda aka zo nan. Gurbin da ake cusa katin a ciki, wato PCI Express, ya fito ne a shekarar 2003. Mai layi 16, wanda katin hoto ke shiga, tsawonsa milimita 89 ne, yana da haƙora 164, kuma wutar da yake iya bayarwa ba ta wuce wat 75 ba. An tsara shi a zamanin da katin hoto yake siririn allo da ƙaramar fanka guda. Har zuwa 2014 kati irin GTX 750 Ti tsawonsa bai kai santimita 15 ba, wat 60 yake ci, ba ya ma buƙatar ƙarin wayar wuta. A 2016 GTX 1080 na kamfanin Nvidia ya zo da tsawon kusan santimita 27 da nauyin kusan kilo 1, yana cin wat 180. Daga nan abin ya yi ta hawa. RTX 3090 na watan Satumban 2020 wat 350 yake ci, RTX 4090 na watan Oktoban 2022 wat 450, RTX 5090 na farkon 2025 kuwa wat 575. Duk wutar da kati ya ci, zafi take komawa, kuma zafin nan dole a fitar da shi. Hanyar fitar da shi ita ce tulin jan ƙarfe da alminiyam da fankoki, su kuwa nauyi gare su. RTX 4090 ƙirar Nvidia da kanta ya kai kusan kilo 2.2, ƙirar ROG Strix ta kamfanin Asus kuwa ta haura santimita 35 a tsawo, nauyinta wajen kilo 2.5. Amma gurbin yana nan a milimita 89 ɗinsa, kaurin harshen katin da ke shiga cikinsa kuma yana nan a kusan milimita 1.6, kamar yadda yake sama da shekara ashirin da suka wuce.

A akwatin da yake tsaye, madabod, wato babban allon da gurbin ke jikinsa, a tsaye yake, katin kuma a kwance yake fitowa daga jikinsa, fankokinsa suna kallon ƙasa. Wuri biyu kacal ke riƙe da shi: wancan harshe mai haƙoran zinariya da ke cikin gurbi, da farantin ƙarfen baya da ake ɗaurewa da noti biyu ko uku. Dukansu biyun a ɓangare ɗaya suke. Fiye da rabin dogon kati yana shawagi ne a iska, babu abin da ya tare shi. Ka ɗauki bokitin ruwa ka riƙe shi a jikin cinyarka, za ka iya tafiya da shi har gida. Ka miƙe hannunka gaba da wannan bokitin, ko minti ɗaya ba za ka yi ba kafaɗarka za ta fara rawa, alhali ruwan bai ƙaru ba. Nisa ne ya ninka wahalar. Haka harshen katin yake ji, sai dai shi ba a sauke masa, dare da rana, kwamfuta a kunne ko a kashe.

Ku lura da wani abu da mutane da yawa ba sa kula da shi. Katin ba ya yin ƙasa gaba ɗaya a daidaice. Kusurwar da ta fi nisa da wuraren riƙo biyu, wato ta gaba wadda ke kusa da murfin gilashi, ita ce ke fara sauka. Ke nan allon murɗewa yake yi, ba lanƙwasa kaɗai ba. Ku riƙe wannan, domin shi zai gaya muku inda za a sa matokari, wato abin da zai tallafe katin.

Me murɗewar take ɓatawa? Allon katin ba falle ɗaya ba ne. Zaren gilashi ne da aka daskarar da danƙo, aka jera shi hawa-hawa, a manyan katuna sama da hawa goma, kuma a tsakanin kowane hawa akwai hanyoyin jan ƙarfe da suka fi gashi siranta. A kan allon ne aka ɗora babban guntun da ke sarrafa hoto da guntayen memori da ke kewaye da shi. Waɗannan ba su da ƙafafu da ido zai gani. A kan ƙananan ƙwayoyin ƙarfen liƙi suke zaune, kowane guntun memori na GDDR6 yana da ƙwaya 180 a ƙarƙashinsa, babban guntun kuwa dubbai. RTX 4090 yana da guntun memori 12. Ƙwaya ɗaya tak in ta tsage, katin zai iya fara ɓata hoto ko ya ƙi tashi.

Su kuma ƙwayoyin nan ba irin na da ba ne. Daga 1 ga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai ta hana sa dalma a yawancin kayan lantarki, masana'antu suka koma ga haɗin kuza da azurfa da jan ƙarfe. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba za mu ga laifin wannan doka ba. Amma sabon haɗin ya fi na da tauri, bai kai shi juriyar lanƙwasa ba. Sai ku haɗa da zafi. Katin da ke hutawa yana zama a digiri 30 zuwa 40, idan ya shiga aiki sosai ya kai 70 ko 80, memorin GDDR6X na wasu katuna har yakan haura 100. Duk lokacin da ya yi zafi komai yana ɗan buɗewa, in ya huce ya tsuke, kuma allo da guntu ba sa buɗewa daidai da juna. Ƙwayoyin da ke tsakani su ne ke shan jan. An ƙera su su jure wannan na shekaru idan allon a miƙe yake. Idan kuwa dama a murɗe yake, ga ja daga nauyi ga ja daga zafi, ƙarshensu yana matsowa kusa. A garuruwanmu, inda zafin watan Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, kuma wuta na ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, katin yana yin wannan hawa da sauka fiye da na wanda ke ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2023 wani mai gyara a Jamus ya nuna katunan RTX 2080 Ti da aka kawo masa, kuma guntayen memorin da suka saki su ne waɗanda suka fi kusa da gurbi, daidai inda allon ke shan lanƙwasa. A wannan shekarar dai masu gyara a Amurka suka riƙa nuna katunan jerin RTX 30 da 40 da allonsu ya tsage kusa da ɗan ƙugiyar da ke ƙarshen harshe, wurin da makullin gurbi yake kamawa. Wasu nauyi ne ya tsaga su a hankali, wasu jijjigar jigila ce ta tsaga su nan take.

Zan gaya muku gaskiya, kada in tsorata ku fiye da kima. Ba kowane katin da ya ɗan sunkuya ne zai mutu ba. Akwai waɗanda suka yi shekaru a haka suna aiki lafiya. Kuma ba kowane kati ne yake buƙatar tokari ba. Mai GTX 1650 ko 1050 Ti, ko kowane gajeren kati mai fanka ɗaya, ya adana kuɗinsa. Har a cikin manya akwai bambanci: waɗanda ƙarfen jikinsu ya haɗe da farantin baya ya zama gangar jiki ɗaya, kamar ƙirar Nvidia da kanta, ba sa sunkuyawa kamar waɗanda murfinsu roba ne. Amma duk katin da yake da fanka uku, ko ya kusa santimita 28, ko ya haura kilo 1, ni a ganina a tokare shi tun ranar farko, kada a jira a ga alama. Lissafin ba shi da wuya. RTX 4090 ya fito a kan dala 1,599, har RTX 3060 da ake kira na talakawa dala 329 ne ranar fitowarsa a 2021, matokari marar ado kuwa wajen dala 10 ne, na gida ma kusan kyauta.

Wani zai ce ai madabod ɗinsa gurbinsa mai sulken ƙarfe ne. Gaskiya ne kamfanoni sun yi wannan, Asus na kiran nasu SafeSlot, MSI na kiran nasu Steel Armor, kuma yana da amfani, domin yana hana gurbin tsagewa ko ɓallewa daga jikin madabod. To amma gurbin ya kare, bai kare katin ba. Haka faifan ƙarfen da ke bayan kati: yana rage lanƙwasa idan ƙarfe ne na gaske kuma an ɗaure shi da farantin baya, amma wasu ado ne kawai, kuma ko na gaske ne bai sauke nauyin daga kan harshe ba.

Yanzu aikin kansa. Kafin ka taɓa komai, kashe kwamfutar, kashe makunnin akwatin wuta da ke baya, zare wayar daga bango, sannan ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin ragowar wuta ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa katin. A lokacin hunturu ka ninka kula, domin busasshiyar iska na sa jiki ya tara irin wutar nan da ke tartsatsi idan ka cire rigar sanyi, kuma ita kaɗai ta isa ta kashe guntu.

Kwantar da akwatin a gefensa yadda madabod zai koma ƙasa. A haka nauyin ya sauka daga kan harshe. Sassauta notin farantin baya, ka tabbatar katin ya shiga gurbi har makullin ya yi ƙara, ka ɗan tallafe ƙarshensa ya daidaita, sannan ka ɗaure notin duka. Na ce duka, domin sau da yawa masu haɗawa noti ɗaya suke sawa su bar sauran ramukan, kuma wani lokaci wannan kaɗai ne sanadin rabin sunkuyawar. A ɗaure su tam, amma ban da ƙarfin da zai cinye zaren ramin.

Sai ka duba wayar wuta. Idan ta taso daga ƙasa kuma a ɗame take, ita ma jan katin take yi. Ka ba ta sarari, in da hali ka biyo da ita ta sama ko ta bayan faranti yadda nauyinta ba zai rataya a kan katin ba. Masu sababbin katuna da ke amfani da mahaɗin nan mai haƙora 16, 12VHPWR ko magajinsa 12V-2x6, ku saurara da kyau. Wannan ɗan mahaɗi yana ɗaukar har wat 600. A ƙarshen 2022 aka fara samun waɗanda suka narke, a watan Nuwamba kuma Nvidia ta ce ta san da kusan 50, ta danganta yawancinsu da rashin cusa mahaɗin har ƙarshe. Don haka kada wanda ya yi dabarar ɗaga kati ta hanyar ɗame wannan waya zuwa sama. A cusa ta har ta kulle, a bar mata wajen santimita uku da rabi a miƙe kafin a lanƙwasa ta, kuma bayan an sa matokari a sake dubawa ko ta motsa.

Matokaran da ake sayarwa sun kasu, kuma akwatinka ne zai zaɓa maka. Mafi sauƙi shi ne ɗan ginshiƙi da ke tsayawa a ƙasan akwati ko a kan rufin akwatin wuta, da hannu mai hawa da sauka, sau da yawa da maganaɗisu a gindinsa. Shi na fi so, domin yana kai nauyin kai tsaye ƙasa. Sai dai ka auna tazarar kafin ka saya, domin akwai dogaye da gajeru. Ka kuma sani maganaɗisu ba ya kama alminiyam ko roba, kuma idan ƙasan akwatinka fankoki ne a jere, ginshiƙin ba shi da wurin tsayawa sai irin wanda ake ɗaurewa a ramin notin fanka. Akwai kuma mai kama da dogon hannu, wanda ake ɗaurewa a ramukan notin baya a ƙarƙashin katin ya miƙo gaba. Manyan katuna da yawa da shi suke zuwa a kwali. Yana taimakawa, amma shi ma daga gefe ɗaya yake rataye, don haka in ƙarfensa siriri ne tare da katin suke sunkuyawa. Na uku ana ɗaure shi ne a kan notin madabod, kamar GB-001 na kamfanin Lian Li, ya ɓuya a bayan kati ba a ganinsa. Wasu akwatunan ma da nasu a jiki suke zuwa, mutum bai sani ba sai ya buɗe takardar bayani. Ka duba kwalin katinka da na akwatinka kafin ka nufi kasuwa.

Akwai masu fitilu kala-kala, kamar Herculx na Asus. Ban hana kowa ƙawata kayansa ba, ni ma ina jin daɗin ganin kwamfutar da aka haɗa da tsabta. Amma ina roƙonku, in kuɗi ya yi kaɗan, a fara da abin da ke ɗaukar nauyi kafin abin da ke walƙiya. Ina jin ciwo idan na ga matashi ya kashe kuɗi a kan fankoki shida masu launi, katin da ya sha wahala kafin ya mallaka kuma yana lilo a tsakiyarsu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin ɗagawa, a nan zan daɗe. Manufar matokari ita ce ya karɓi nauyi, katin ya zauna daidai. Ba jak ɗin mota ba ne. Ana samun wanda in ya ga kati ya sunkuya, sai ya murɗa har ƙarshen ya fi gindin tsawo, wai don ya rama. Wannan murɗa allon ne ta ɗaya gefen, kuma yana iya ɗaga haƙoran harshe daga mazauninsu. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ka tayar da akwatin tsaye, ka sa matokarin a ƙarƙashin waccan kusurwa ta gaba mai kusa da gilashi, ka ɗaga hannunsa a hankali har ya taɓa, sannan ka ƙara kaɗan-kaɗan har katin ya miƙe, ka tsaya nan. Wajen aunawa na fi yarda da rula a kan lebur ɗin magina ko manhajar waya, domin teburinka ko daɓen ɗakinka ba lallai ne su zama daidai ba, kuma abin da ake nema shi ne katin ya daidaita da akwatinsa. Ka auna daga rufin akwatin wuta zuwa ƙasan katin a baya, ka auna a gaba, lambobin biyu su zo ɗaya. Idan katin ya yi shekara biyu ko uku a sunkuye, allonsa ya riga ya saba da wannan siffa, kada ka tilasta masa komawa a rana ɗaya. Ka ɗauke masa nauyin, ka ɗaga shi gwargwadon yadda ya bi ba tare da turjiya ba, sauran ka bar shi.

Wurin da matokari zai taɓa ya zama ƙaƙƙarfan gefen murfin katin, da ɗan roba a tsakani. Kada ya taɓa allon kansa, kada ya danna siraran faifan alminiyam, kada kuma ya shiga hanyar fanka. Kafin ka rufe, ka juya kowace fanka da yatsa ka ji ko tana gogar wani abu. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin katunan yanzu ba sa juya fankokinsu sai sun yi zafi, don haka za ka iya kunna kwamfuta ka ji shiru ka ɗauka lafiya, alhali fanka ɗaya a maƙale take.

Wanda bai samu na kanti ba kada ya zauna jira. Ka auna tazarar, ka je wurin kafinta ya yanka maka busasshen katako daidai da ita, ka manna yankin robar tub ɗin keke a sama da ƙasa don kada ya zame. Guntun bututun roba na wayarin ɗin gida ma yana yi. Dogon bolti da noti biyu ya fi su duka, domin ana iya ƙara masa tsawo ko a rage, muddin an rufe kansa da roba. A Turai da Amurka mutane da yawa tubalan wasan yara na Lego suke jerawa, wasu kuma su rataye kusurwar da zaren fatsa daga rufin akwati, kuma duk suna aiki. Abin da za a guje wa shi ne duk abin da ke lotsewa ko narkewa, kamar soso da kwali da farin kumfan da ke zuwa cikin kwalin kaya, da kuma tsiraran ƙarfe da zai iya faɗuwa ya haɗa wuta. Babu abin kunya a katakon da aka yanka da kyau. Aikin da yake yi daidai yake da na mai fitila.

Akwai masu juya katin ya tsaya da ƙafarsa yana fuskantar gilashi, ta amfani da shimfiɗaɗɗiyar wayar da ke haɗa shi da gurbi. Wannan yana kawar da sunkuyawa, amma in fankokin sun matso gilashi katin ba ya samun iska, ga shi dole wayar ta dace da zamanin gurbin, in ba haka ba a yi ta fama da baƙin sikirin. A zafinmu ban cika ba da wannan shawara ba sai akwatin mai faɗi ne sosai.

Maganar tafiya da kwamfuta kuwa, ita ce ta fi kashe katuna farat ɗaya. Abin da nauyi zai yi a shekara uku, rami ɗaya a kan titi zai yi shi a daƙiƙa guda, domin idan adaidaita-sahu ta faɗa rami, kilo biyun nan yana dukan harshe da ƙarfin da ya ninka nauyinsa. Matokari mai ginshiƙi daga ƙasa kawai yake tarewa, ba ya hana kati yin sama, shi kansa ma yana iya faɗuwa ya yi ta yawo cikin akwati. Kamfanonin da ke aika haɗaɗɗiyar kwamfuta sukan cika cikinta da jakar kumfa mai kumbura saboda wannan dalili. Kai da za ka koma makaranta ko za ka kai aiki wani gari, ka cire katin, ka sa shi a ledarsa mai hana tartsatsin wuta da kwalinsa, ka riƙe shi a jikinka. Shi ya sa ba a yar da kwalin kati. Wajen cirewa ka tuna da makullin da ke ƙarshen gurbi, ka danna shi tukuna, domin fizgar kati a kulle tana iya tumɓuke gurbin gaba ɗaya. In cirewar ba za ta yiwu ba, a kwantar da akwatin madabod a ƙasa, a kan abu mai laushi.

Yawancinku na hannu kuke saye, don haka ku san abin dubawa. Tun da tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa a ranar 15 ga Satumban 2022, katuna masu yawa da suka yi aiki ba dare ba rana suka kwararo kasuwa. Ka ɗaga katin daidai idonka ka bi gefen allon da kallo ka ga ko ya yi baka. Ka haska fitilar waya a kusa da ƙugiyar ƙarshen harshe ka nemi tsaga, ko da siririya ce. Ka dubi haƙoran zinariyar ko sun goge a gefe ɗaya fiye da ɗayan. Sannan kada ka biya sai an sa shi a kwamfuta ya yi aiki mai nauyi na aƙalla rabin awa, da manhajar gwaji ta FurMark ko da wasa mai nauyi, domin tsagaggiyar ƙwaya takan ɓoye aibinta har sai ta yi zafi. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga layi nawa katin yake amfani da su lokacin da yake aiki. Wanda aka ƙera da layi 16 in ya nuna 8 ko 4 a gurbin da ya dace, akwai tambaya. Amma ka san katinka tukuna, domin RTX 4060 da RX 6600 dama layi 8 aka yi su da shi, kada ka zargi ɗan kasuwa a kan abin da ba laifi ba ne.

Idan naka ne ya fara nuna alama, ɗigo-ɗigon launi ko layuka a sikirin, ko sikirin ya yi baƙi ana tsakar aiki, ko Windows ta nuna lambar kuskure 43, ka fara da mai sauƙi. Ka cire shi, ka busa ƙurar gurbin, ka mayar da shi da kyau, ka tokare, ka sake saka direbansa. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa, domin haƙoran ne kawai suka ɗan saki. In ta ci gaba, ka nemi mai gyaran da yake da na'urar ɗaga guntu da sake jera ƙwayoyin liƙi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana da ita. Ina girmama masu gyaranmu, da yawa daga cikinsu suna yin abin mamaki da kayan aiki kaɗan. Amma hura wa guntu iska mai zafi daga sama, wadda ake yawan yi, takan tashi katin na 'yan makonni ne kawai, sannan ta gasa abin da ke kewaye da shi. Ka gaya wa mai gyaran tsawon lokacin da katin ya yi ba tokari, da ko an yi tafiya da shi a cikin akwati, domin wannan zai sa ya fara duba guntayen memorin da ke kusa da harshe da kuma gindin ƙugiya, maimakon ya fara da hura wa babban guntu wuta.